Farin da ke Bayan Rigar Auta

Ni ce ɗiyar fari a wurin Inna, Auta kuma shi ne na ƙarshe. Tsakaninmu akwai shekara goma sha biyu da ƙananan kaburbura biyu. Duk abin da zan faɗa a kansa ba labari aka ba ni ba, don a bayana ya girma.

A ƙauyenmu, can gefen Sunke, lokacin da zinari ya yi kasuwa, maza ne ke haƙo duwatsu su kawo gida a buhu, mata su farfasa su daka kafin a kai inji. Turmin da muke surfen gero da safe, shi muke daka dutse da shi da hantsi. Ni ce mai ƙarfi a gidan, ni ake miƙa wa taɓarya, Auta yana goye a bayana, ƙura tana tashi tana sauka a kansa, ina share masa da bakin zane ina yi masa waƙa. Ba wanda ya san akwai gubar dalma a cikin duwatsun nan sai da yara suka fara sanƙarewa suna mutuwa. Ƙannena mata biyu sun tafi a damina ɗaya. Daga baya likitoci suka zo da na'urorinsu, suka ɗebi jini, suka kankare ƙasar tsakar gidanmu suka kai wani rami a bayan gari suka binne, suka zubo mana sabuwa. Auta ya sha maganinsu ya rayu, amma ba duka ya dawo ba. Magana tana maƙale masa, abin da aka faɗa masa da safe ba ya kai azahar, ga jiki na saurayi ga tunani na ɗan shekara bakwai. Likitocin sun faɗa tun a lokacin cewa abin da dalma ta taɓa a kai ba ya gyaruwa. Inna tana wurin aka faɗa, amma kunnenta ne kawai ya ji.

Bayan rasuwar Baba, 'yan bindiga suka hana noma, suka hana kwana a gida. Ni lokacin ina aure a Anka, ina ɗan ɗinkina da keke, mijina yana kabu-kabu. Muka samar wa Inna da Auta ɗaki a gida na uku daga namu.

Akwai filin makarantar firamare a bayan unguwarmu inda samari ke buga ƙwallo da la'asar. Auta ya maƙale musu. Sun gwada sa shi a wasa, sai ya riƙa ba duk wanda ya roƙe shi ƙwallo, na gida da na waje, don shi bai ga dalilin hana mutum abin da ya roƙa ba. Mai horar da su, mutum ne mai haƙuri, ya ce masa to ya riƙa zagaya filin da gudu. Shi ke nan Auta ya samu sana'a. Zai zagaya har a tashi wasa, ba ya gajiya, ba ya gundura, yana gudu yana dariya shi kaɗai.

Wata rana ya dawo, baƙar rigarsa ta bushe a jikinsa, Inna ta ga wani fari-fari ya kwanta a bayanta ya zagaye wuya da hammata. Ta karɓi rigar ta ɗaga ta a rana ta daɗe tana kallo. Wannan farin, in ji ta, ta san shi, shi ne ƙurar da ke kwanciya a kan tabarma in an gama dakan dutse. Dalma ce take fitowa ta zufa. Allah ya ji kukanta.

Daga ranar aka buɗe sabon aiki a gidan nan. Auta na shigowa zai tuɓe riga ya miƙa mata da hannu biyu ya ce, “Inna, ta hito.” Ita kuma ta auna faɗin farin da taƙinta, ta ce madalla. Sannan ta ɗaura leda a hannu, ta wanke rigar a wata roba da ba a taɓa ta don komai, ta ɗauki ruwan wankin ta kai bayan katanga, ta zuba a ramin da ta haƙa, ta tura ƙasa, daidai yadda ta ga likitoci sun yi da ƙasar gidanmu. 'Ya'yana ko kusa da robar suka je sai sun sha tsawa. Na ga Inna ta yi ƙiba a watannin nan. Na ji ta tana waƙa tana tsince shinkafa, abin da rabona da ji tun kafin rasuwar ƙannena.

Ni fa ba jahila ba ce. Mijina ma in ya wuni a kan babur, haka bayan rigarsa ke yin fari, shi kuwa mutumin Gummi ne, ko dutsen zinari bai taɓa riƙewa ba. Ya taɓa buɗe baki zai faɗa a gabanta, na watsa masa hararar da ta sa ya haɗiye maganar da yawu. Na ce masa a ɗaki, tsohuwa ta samu abin da take barci da shi, me ya ci masa tuwo? Gaskiyar ita ce ni ma ina so ya zama hakan ne. Ni na daka dutsen nan. Duk sanda na ga Inna tana binne ruwan wanki, sai in ji kamar ana rage mini wani abu daga cikin abin da ke wuyana.

Da abin ya tsaya a nan, da har yau ban ce uffan ba. Amma Inna ta ga abin yana tafiya a hankali, tana so ta ga ƙarshensa tana da rai. Ta je wurin 'yan gwanjo ta sayo rigunan sanyi biyu masu kauri, ta ce ya riƙa sa su yana gudu don zufa ta ƙaru. Sannan ga maganar gishiri. Ita tana da kumburin ƙafa, an ce mata a asibiti ta rage gishiri don yana riƙe ruwa a jiki. Sai ta yi lissafinta ita kaɗai: abin da ke riƙe ruwa, ai shi ke riƙe guba. Ta daina sa masa gishiri, ta daina jefa dunƙulen magi, miyar kuka lami, tuwo lami, sai jarkar ruwa da take cika masa ta ce ya shanye kafin ya dawo. Auta ba ya musu da Inna. Ko da ta ce ya ci ƙasa, bismilla kawai zai yi.

Farkon faɗuwarsa, cewa aka yi tuntuɓe ne. Na biyu aka ce rana ce. Na uku kuwa, a tsakiyar bazara, lokacin da ko ƙadangare ba ya taka ƙasa da azahar, mijina ne ya kawo shi a babur, wani saurayi ya riƙe shi ta baya. Sha-raɓarsa ta ƙulle ta yi tauri kamar icce, yatsunsa sun lanƙwashe, yana ta aman ruwa zalla. Na kira shi, ya dube ni bai ce Adda ba, shi da ba ya iya ganina bai ce Adda ba. Na taɓa ganin yaro ya sanƙare a hannuna sau biyu, ban yi zaton zan sake gani ba. Sai da aka yi masa ƙarin ruwa leda biyu a asibiti kafin ya san inda yake.

Ina tsammanin Inna za ta tsorata. Ina! Cewa ta yi gubar ce ke kokawa don ta ga ana korar ta, kuma duk ciwo in zai tafi sai ya yi ban kwana. Saura kaɗan, in ji ta. Kwana biyar da sallamo shi na ga rigunan sanyin a kan igiya, an wanke su ana jiran ya ƙara ƙarfi. A nan na san in ba a tare ba, Inna za ta kashe ɗanta da hannunta tana yi masa addu'a.

Ga shi ni ɗiyar fari ce. Inna ba ta kiran sunana, ba ta haɗa ido da ni, in tana son wani abu a wurina sai ta faɗa wa bango ko ta faɗa wa 'yata. Tun da na yi wayo ban san hannunta ya taɓa jikina ba. Ni da nake iya tsayawa a bakin kasuwa in wanke mai yadi tas in ya cuce ni, in na zo gaban Inna sai harshena ya yi nauyi. Ta ina zan fara ce mata abin da take yi shekara biyu ba komai ba ne?

Ana cikin haka, wan mai horar da 'yan ƙwallon nan ya zo gida hutu. Malami ne a jami'a, suna gwajin wata 'yar na'ura da ake manna wa masu motsa jiki. Ƙaninsa ya ba shi labarin Auta, ya ce yana son ganin wani daga gidansu kafin ya taɓa shi. Na zura hijabi na tafi filin, ina tafe ina shirya baƙar maganar da zan gaya masa, don mu mutanen yankin nan mun san masu na'ura, ba su taɓa zuwa da albishir ba.

Na tarar da mutum mai sanyin baki, ya gaishe ni har da russunawa, duk shirina ya lalace. Ya nuna mini abin. Kamar filasta yake, faɗinsa bai fi yatsu biyu ba, akwai wasu siraran hanyoyi a cikinsa irin jijiyar ganye, da wani ɗan maɓalli a tsakiya. Ya ce ana manna shi a damtse, zufa ta bi hanyoyin nan, maɓallin ya auna wani ɓangare na gishirin da ke cikinta, kuloraid suke ce masa, ya aika wa waya. Ba allura, ba ɗibar jini. Na ce in dai ba jini, a manna.

Ya sa Auta ya tuɓe rigar sanyi ɗaya da Inna ta riga ta fara mayar masa, ya goge masa damtse, ya manna, ya manna wa 'yan ƙwallo uku su ma. Auta sai murna yake yi an yi masa irin na manya. Na zauna a gindin dogon yaro ina kallon ƙanena yana zagaya fili, malamin yana gefe yana duba waya. Wani layi ne ke tafiya a fuskar wayar, kowa da launinsa. Na sauran suna tafiya kusa da juna, na Auta ya haye sama ya bar su. Bai bar shi ya yi nisa ba ya tsayar da shi, ya ba shi ruwan gishiri da sukari, irin wanda ake ba mai gudawa.

Ya tambaye ni me yake ci, kuma me ya kawo rigar sanyi a wannan zafi. Na faɗa masa komai, ina faɗa ina jin kunya kamar ni na yi. Bai yi dariya ba, da ya yi da na ji sauƙi, don da na samu wanda zan sauke wa. Ya ce mutane sun bambanta, wani zufarsa ba gishiri sosai, wani kuma kamar ana zubar da shi, Auta yana cikin na biyun. Yana zubarwa da yawa, ba a mayar masa a abinci, ana kuma ɗura masa ruwa zalla a kai. Ya ce shi ba likita ba ne, mu kai shi asibiti a duba dalilin yawan gishirin, amma abu ɗaya ya sani, in aka ci gaba a haka akwai ranar da zai faɗi ba zai tashi ba.

Na tambaye shi, ko da ɗan kaɗan ne, babu dalma a cikin farin nan? Wallahi roƙo nake yi, ba tambaya ba.

Ya ce, “Hajiya, na'urar nan ba ta ganin dalma, gwajin jini ne ke faɗar wannan. Amma farin da ke rigarsa gishiri ne, irin na miya.”

Kwana uku ina yawo da maganar nan a ciki. Na gwada dabara. Na sace rigunan sanyin na cusa a ƙasan buhun ƙyallaye, washegari Inna ta sayo wata. Na riƙa kiran Auta gidana ina ba shi shinkafa da wake da gishiri daidai, ya cinye ya lashe kwano, ya je ya ba Inna labari tiryan-tiryan, don shi bai san ana ɓoye abu ba. Ta aiko 'yata ta gaya mini kada ya ƙara cin komai a gidana. Ran nan ne raina ya ɓaci, irin ɓacin da ba na ganin gabana.

Na same ta da la'asar sakaliya a tsakar gida, ta ɗaura leda a hannu, rigar Auta tana kan gwiwarta tana auna farin da taƙi. Shi yana bayan gida yana wanka. Na tsaya a kanta, abin da ban taɓa yi ba, na zayyana mata duk abin da malamin ya ce. Na nuna mata hoton layukan da ya turo wa mijina a waya. Ko kallo ba ta yi ba. Ta dubi bango ta ce masu na'ura sun auna 'ya'yanta biyu, da suka gama aunawa ina 'ya'yan suke? Ta ce a gaya wa mai maganar nan ta koma kan kekenta.

Ban san lokacin da na fizge rigar ba. Na kai wuyan rigar bakina na lashe farin nan, na sake lasa, na tara shi a harshe ina kallonta.

Inna ta yi kaina. Tsohuwar da ba ta iya tashi sai ta dafa ƙasa, ban ga tashinta ba. Ta damƙi haɓata da hannu ɗaya, ta yage ledar, ta cusa yatsunta a bakina tana ƙwaƙulo harshena, tana cewa in tofar, in tofar, binne na uku ba za ta iya ba. A nan ta kira sunana. Karo na farko ke nan a rayuwata da na ji shi a bakinta, kuma ban ji daɗinsa ba ko kaɗan.

Na riƙe hannunta na ce, “Inna, gishiri ne. Ki ɗanɗana yatsanki.”

Ta daɗe tana kallon yatsun. Sannan ta ɗauki rigar daga ƙasa, ta dangwali farin ta kai bakinta. Mace ce da ta yi shekara arba'in tana ɗanɗana miya, ba ta bukatar wani malami ya faɗa mata. Na ga bakinta ya motsa sau ɗaya ya tsaya. Ta koma ta zauna a kan kujerar tsugunno, ta ɗora rigar a cinya ta shafe ta kamar za ta ninke.

Ta ce, “Ashe tana nan cikinai.”

Na ce ba wanda ya faɗi haka, cewa aka yi na'urar ba ta gani, za mu je a yi gwajin jini. Can ta ce, ba da ni take ba, da bango take, ashe duk faɗuwar nan da yaron nan ya yi ita ta kayar da shi. Na buɗe baki in ce ni na daka dutsen tun farko, in dai laifi ake nema. Ta ɗaga mini hannu. Ta ce ita ta miƙa mini taɓaryar.

Da magariba ta aiki 'yata ta karɓo gishiri a wurina. Auta ya ci malmala uku a daren nan yana ta santi, yana cewa yau Inna ta iya miya. Rigar sanyin ta ba maƙwabta. Mun kai shi asibiti, sun yi gwaje-gwajensu, sun ce a riƙa ba shi ruwan gishiri da sukari in zai yi gudu, kada ya fita da tsakar rana. Tun daga nan bai sake faɗuwa ba, ya yi kumari, har mai horarwar yana cewa da za a yi tseren gari da ba mai kama shi. Wannan na gode wa Allah a kansa, kuma da za a mayar da ni ranar nan, zan sake lasar rigar.

Amma Inna ta zube. Ƙibar nan ta tafi, waƙar ta tafi, ramin bayan katanga ciyawa ta rufe shi. Ba ta taɓa ce mini na yi laifi ba, ta koma faɗa wa bango abin da take so, sunana kuma bai sake fitowa daga bakinta ba. Ni na raba ta da abin da take tashi dominsa da safe, ban kuwa da wani abin da zan ba ta a madadinsa. Wannan yana ci mini rai har gobe.

Shi kuwa Auta, mun yi masa bayani ya fi sau goma, ni da mijina. Zai gyaɗa kai ya ce to, Adda, kafin azahar ya manta. Abin da ya shiga kansa ya zauna shi ne wanda aka yi shekara biyu ana maimaitawa kullum.

Jiya ina gidan na kai mata ɗinki, ya shigo daga fili yana haki, fuska duk fara'a. Ya tuɓe riga, ya juya bayanta inda farin ya kwanta, ya miƙa mata da hannu biyu.

Ya ce, “Inna, yau ta hito da yawa. Na kusa warkewa ko?”

Inna ta karɓa, ba leda a hannunta. Ta ɗora taƙinta a kan farin ta auna, kamar yadda ta saba.

Ta ce, “Ta hito, Auta. Saura kaɗan.”